'Yar Azahar a Bayan Ɗakin Baba

Na koma gidanmu na Haɗeja bayan na fita takaba. Mijina ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, Allah bai ba mu haihuwa ba, danginsa kuma sun kyauta mini iyakar ƙoƙarinsu, amma babu abin da zai zaunar da ni a cikinsu. Na nemi a mayar da aikina na koyarwa wata firamare da ke kusa da unguwarmu, aka mayar. A lokacin mutum biyu suka rage a gidan, Baba da ƙanwarsa da muke kira Goggo, wadda ta dawo tana riƙe masa gida tun rasuwar mahaifiyarmu. Yayana yana Kano da iyalinsa, sai da salla ake ganinsa.

Baba malamin gona ne da ya yi ritaya. Ya shekara talatin da wani abu yana yawo a kan babur tsakanin Auyo da Miga da Kirikasamma, yana koya wa manoma abin da ke cikin littafinsa, su ma suna koya masa abin da ba a rubuta ba. Da ya ajiye aiki sai ya bar wa ɗan ƙanensa gonarsa ta fadama, ya dawo da hankalinsa kan wani ɗan fili da ke bayan ɗakinsa, kusa da rijiya, wanda bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Akwai lemun tsami guda a wurin, da zogale, da na'a-na'a a fasasshiyar randa. Sai wata shuka mai yaɗo da ta hau rumfar da ya kafa mata da azara da waya, ta lulluɓe ta kaf har tana leƙa katangar maƙwabta.

Ban taɓa ganin irinta ba. Reshe ɗaya ya zo da shi daga Jos, a bitar ƙarshe da aka tura shi kafin ritaya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Sunan da ya sani na Turanci ne, fashon furut, bakin Goggo kuwa ya ƙi ɗaukarsa. Ita ta raɗa mata 'yar azahar, domin furenta ba ya buɗewa da safe kamar na sauran shuke-shuke. Sai rana ta take, ladan yana shirin kira, sannan zai buɗe, kafin magariba ya tsuke bakinsa, kuma ba zai sake buɗewa ba. Kowane fure yininsa ɗaya ke nan.

Ranar da na fara ganinsa a buɗe na daɗe a tsaye. Faɗinsa kamar tafin hannu. Ganyayen furen farare ne, a kansu kuma wasu siraran zaruruwa sun yi da'ira, gindinsu shunayya, bakinsu fari a lanƙwashe kamar an kitsa an tsefe. A tsakiya wani ɗan tsinke ya miƙe ɗauke da abubuwa biyar masu gari ruwan ɗorawa, sama da su kuma wasu kawuna uku kore. Ƙamshinsa ba mai ƙarfi ba ne, sai ka matsa kusa.

Goggo ba ta ga abin birgewa a ciki ba. Ta ce shuka ce da ba a miya da ita, ba a magani da ita, sai shan ruwa kamar raƙumi. Kullum guga shida Baba ke ja mata, ban da alwala da yake yi a gindinta sau biyar. Da bazara yakan rufa mata tsofaffin buhuna ta wajen yamma, ya baza ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa don kada zafi ya ƙona saiwar, wadda ya ce a sama-sama take tafiya. Gara ta ci azarar rumfar sau biyu, sau biyu yana sakewa. Duk da haka, shekara uku tana fure ba ta taɓa yin ɗa ko guda ba. Furen ya buɗe, ya rufe, bayan kwana biyu a share shi a ƙasa.

Baba ya san dalili. Ya ce wannan iri ba ya karɓar garin furen kansa. Dole sai an samo wata da ta fito daga wani iri daban, a ɗebo garinta a shafa wa wannan. Gindi uku ne a ƙarƙashin rumfar, amma duk daga reshen nan guda ya yanko su, saboda haka a wurinta duk jiki ɗaya ne.

Muna da wani maƙwabci direban babbar mota, mai kai bandar kifi kudu, yana bi ta Jos. Baba ya kwatanta masa ɗan: kamar ƙwan agwagwa, rawaya, mai tauri a waje, cikinsa ruwa-ruwa da baƙaƙen ƙwayoyi. Karo na farko mutumin ya kawo wata irin gwaiba. Na biyu ya kawo wani abu da har yau ban san sunansa ba. A na uku ya shigo yana ba da haƙuri, ya ce ya samu a hannun wata mata a bakin hanya, amma kwanan da ya yi a tafiya ya sa duk sun yamutse. Baba ya karɓa ya shinshina, ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun dawowata, ya ce ai a yamutsen suka fi. Ya wanke ƙwayoyin da toka, ya shanya a inuwa, ya shuka su a ledojin ruwa da ya sa Goggo ta tara masa. Bayan mako uku suka fara leƙowa. Biyu suka rayu, ya dasa su a ɗaya gefen rumfar.

Ni a wannan shekarar ba na cikin kowane lissafi. In tafi makaranta, in dawo, in shige ɗaki in kwanta har la'asar. Ba kuka nake yi ba, na wuce nan. Jikina ne kawai ya yi nauyi, magana ma aiki ce. Goggo ta yi faɗa ta gaji, ta yi lallashi ta gaji. Baba bai taɓa ce mini komai a kai ba.

Da damina ta zagayo sababbin suka fara fure. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi a bakin ƙofar ɗakina da gashin kaza a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

Ya ce, “Uwata, ajiye jakar ki zo. Aikin na mai tsawon hannu ne.”

Na fi shi gajarta, kuma shi ma ya sani. Na ɗauka dabara ce suka ƙulla da Goggo don a fito da ni daga ɗaki, abin ya ɗan ɓata mini rai. Amma ba a ce wa Baba a'a. Na hau kan turmi, ya tsaya a ƙasa yana gaya mini yadda zan yi. A jira sai kawunan nan uku sun sunkuyo, in ba su sunkuyo ba aikin banza ne. A shafo garin daga furen sabuwar, a goga a kan kawunan tsohuwar, dukkan ukun, sannan a juya a yi wa sabuwar da na tsohuwar. Ya ce a can inda ta fito akwai wani baƙin ƙwaro ƙato mai huda katako da ke yin aikin. A nan kuwa ƙudan zuma ne ke zuwa, su kwashe garin su tafi ba su taɓa inda ake so ba, shi ya sa dole a riga su.

Haka muka yi ta yi kusan mako biyu, cikin tsakiyar rana, gumi na shiga mini ido. Ina yi ina ƙunƙuni a zuci. Wani lokaci in na gaji sai in ce an gama alhali da saura, shi kuma ya ce to madalla. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa bai taɓa kama ni ba.

Akwai alamu da yawa da na bari suka wuce ni. Ya daina hawa babur, ya ce bayansa ne. Ya daina zuwa masallacin Juma'a sai na unguwa, yana tafiya yana shafa katanga kamar mai duba ko yaɓe ya tsage. Sau biyu ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, Goggo ta ce tsufa ne. In an miƙa masa abu ta gefe ba ya karɓa sai an yi magana.

Ranar wata Alhamis taron malamai ya riƙe ni har bayan ƙarfe uku. Da na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba, na zagaya bayan ɗakin. Baba na tsaye a kan turmi, hannu ɗaya riƙe da azara, ɗayan da gashin kazar. Yana goga shi a hankali a kan wani furen jiya da ya riga ya tsuke ya yi laushi. A daidai kunnensa na dama, tazarar yatsa huɗu, fure biyu ne a buɗe, bai san da su ba. Ya gama da wannan, ya lalubo da hannu, ya kamo wani toho da bai isa buɗewa ba, shi ma ya goga masa.

Na tsaya har ya sauko. Sannan na yi sallama kamar yanzu na shigo. Ya ce ya ga na daɗe shi ya sa ya rage mini aiki. Na karɓi gashin na hau na yi na gaskiyar. Da na sauko na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, yaushe idon ya fara?”

Ya lalubo turmin ya zauna. Sannan ya ce an kai shekara biyu. Ya ce kamar mutum ne ke leƙe ta cikin bututu, abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe babu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake. Ashe ya je asibiti shi kaɗai tun ina gidan mijina, an gaya masa hawan jinin ido ne, an ba shi maganin ɗigawa. Ya ɗiga wata uku bai ga sauyi ba, sai raɗaɗi, ya watsar. Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa kowa ba. Ya ce lokacin da ya yi niyyar faɗa sai aka yi rasuwar mijina, ya ga gida ɗaya ba zai ɗauki biyu ba.

Yaya ya zo ya kai shi Kano. Likitan ya faɗi abin da Baba ya riga ya sani: abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin na tsare ɗan abin da ya rage ne, kuma saura kaɗan. Idon hagu ya gama. Suka dawo da kwalabe uku da takardar lokutan ɗigawa, na manna ta a bangon ɗakinsa, duk da ni kaɗai ke karanta ta.

Daga nan aikin furen ya zama nawa da gaske. Na daina cewa an gama in ba a gama ba. Baba yakan zauna a kujerar tsugunno a inuwar lemun tsamin, in riƙa faɗa masa guda nawa suka buɗe yau, a wane gefe. Duk wanda na shafa sai in ɗaura masa zare a wuya don mu gane shi. In hadari ya haɗu da azahar sai ya ce in bari, domin in ruwa ya taɓa garin kafin ya kama, ya lalace. Kwanaki da yawa mun yi asarar furen yini guda saboda haka, muna zaune a bakin ƙofa muna jin ruwa na dukan kwano.

Wata rana, kwana huɗu bayan shafa gari, na ga wani fure ya bushe amma bai faɗi ba, a cikinsa wani abu kore kamar ƙwayar gurjiya. Na kamo hannun Baba na ɗora a kai. Ya daɗe yana murza shi da yatsa biyu a hankali. Sannan ya ce alhamdu lillahi. Kafin wata ya ƙare muna da guda goma sha huɗu. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya san inda kowanne yake fiye da ni. Ya ce sai sun yi wata biyu da 'yan kwanaki, kuma ba a tsinka, da kansu suke faɗowa in sun nuna. Har Goggo ta fara leƙawa, tana cewa ita dai ta ga abin da aka sha wahala a kansa.

A wannan daminar ruwa ya yi yawa. Mu mutanen Haɗeja mun saba da kogi, kowace shekara sai an yi maganarsa, amma wannan karon tun da wuri aka ce ya cika ya fara hawa gonaki. Aka riƙa shela a lasifikar masallatai cewa duk mai ƙarfi ya fita jinga. Maza suka yi ta cika buhuna da yashi suna jerawa a inda ruwan ke neman karyawa, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna, maƙwabcinmu direba ya ba da motarsa tana jigilar ƙasa. Baba ya sa aka fito masa da shebur ɗinsa ya aika da shi. Na ga yadda ya miƙa shi, ya juya ya shige ɗaki.

Jingar ta riƙe, kogin bai shigo gari ba. Amma ƙauyukan da ke wajen Auyo sun nutse, aka kwaso mutanensu a kwalekwale aka zuba su a makarantu, har da tamu. Aka dakatar da karatu. Ajina na 'yan aji huɗu ya koma ɗakin mata goma sha wani abu da 'ya'yansu, an tura bencina gefe, an shanya zannuwa a kan allo.

Mu kuma namu ruwan ta ƙasa ya zo. Unguwarmu a kwari take. Rijiyarmu da ake zura guga gaba uku ta ciko har ana ɗiba da kwano. Tsakar gida ta fara tsattsafowa, ka taka wuri ruwa ya biyo sawunka, kwana biyu ya kai idon sawu, kuma babu inda za a kore shi, domin lungun ma a cike yake. Bangon kicin na ƙasa ya zauna da rana tsaka, Allah ya sa Goggo ta fito. Muka ɗora gadon Baba a kan bulo, na hana shi fita saboda santsi, a ɗaki yake salla.

Kwana goma sha ɗaya ruwan ya yi a gindin 'yar azahar. Na haƙa 'yar hanya da fartanya, ruwan ya bi ya dawo. Na tara ƙasa a gindinta, ta narke. A rana ta biyar na ga ganyen ya yi yaushi da tsakar rana kamar mai jin ƙishi, ga shi kuwa a cikin ruwa take tsaye. Daga nan ya fara rawaya yana zuba, sababbin suka riga tsohuwar. 'Ya'yan da ke rataye suka fara motsewa tun suna kore.

Kullum da safe Baba zai tambaye ni. Kullum in ce lafiya lau take, ganye kaɗan ne ya zuba. Na roƙi Goggo kada ta faɗa. Ban san abin da nake jira ba. Wataƙila ina ganin in ruwan ya janye za ta farfaɗo, in ya so ba sai ya taɓa sani ba. Kuma ina jin kunyar damuwar da nake yi. Da safe ina makaranta ina raba wa mata kunu, matan da shinkafarsu ke ƙarƙashin ruwa da ɗakunansu da awakinsu, da rana in dawo in tsaya a gaban shukar da ba a miya da ita ina jimami.

A cikin matan ajina akwai wata tsohuwa, doguwa, mai yawan magana. Da ta ji 'yar wanda nake sai ta riƙe hannuna. Ta ce malamin gona ai nasu ne, shi ya fara kawo musu irin shinkafar da ke nuna da wuri, ya sha cin tuwo a gidanta lokacin mijinta na da rai. Ta ce lallai sai ta je ta gaishe shi. Da ruwan ya fara ja na kawo ta. Suka daɗe suna hira a ɗakinsa, yana tambayarta mutane ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wane ya rasu, wane yana nan, wane ya koma Gashuwa. Ta ce shinkafarsu saura kwana ashirin a yanka ruwan ya hau ta. Ta faɗe shi ba tare da ta canza murya ba, Baba ne ya yi ta salati.

Da za ta tafi ta nemi buta, Goggo ta nuna mata wajen rijiya. Tagar ɗakin Baba a buɗe take ta wannan gefen. Muna zaune ni da shi muka ji muryarta tana ce wa Goggo, “Ayya, wannan mai yaɗon ta malam ce? Ai ta mutu, ruwa ya cinye saiwar. Allah ya mayar da alheri.”

Na raka ta har bakin titi, na dawo a hankali kamar wadda za a yi wa hukunci. Na tarar ya sa takalmansa yana zaune a bakin gado. Ya ce in kama hannunsa. Muka taka cikin taɓo har gindin rumfar. Ya durƙusa, ya lalubo tushen tsohuwar, wadda ya ɗauko daga Jos. Yana taɓawa ɓawon ya saɓule a hannunsa, baƙi, mai wari. Ya bi sauran huɗun haka. Sannan ya miƙe ya ɗaga hannu yana neman 'ya'yan a inda ya san suke, yana samun wasu, wasu kuma sai zaren da na ɗaura kawai.

Ya ce, “Tun kwana huɗu nake jin warin ta taga. Na ce bari in ga ranar da za ki faɗa mini.”

Na ce ina tsoron ransa ya ɓaci ne.

Ya ce, “Uwata, ido ɗaya gare ni yanzu, ke ce. In kin fara zaɓar abin da zan gani, to na makance gaba ɗaya.”

Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa a jikin azara, ya ce in mayar da shi ɗaki. Na so in ce masa shi ma ai shekara biyu ya yi yana ɓoye mana nasa, amma ban faɗa ba, kuma na gode wa Allah da ban faɗa ba.

A cikin goma sha huɗun, uku ne suka fara rawaya kafin ta mutu. Na tsince su a cikin taɓo na wanke. Goggo ta yanka su da wuƙar albasa, ta kwashe cikin a kofi, ta zuba ruwa da sukari. Ƙamshin ya cika rumfar tsakar gida, irin wanda ban taɓa ji ba, amma tsaminsa har cikin kunne. Goggo ta kurɓa ta yamutsa fuska ta miƙa mini. Baba ya shanye nasa duka, ya ce ba su ƙarasa ba, da sun ƙara mako biyu da mun ji yadda take. Ya sa na tace ƙwayoyin na shanya, ya ce baƙaƙen kawai zan ɗauka, kuma in shuka su da zarar ƙasa ta tsane, domin irin ba ya jure ajiya. Na zuba su a ambulan na sa a cikin akwatina.

Bayan mako biyu Yaya ya zo. Ya ga bangon kicin, ya ga danshin da ya hau ɗakin Baba har gwiwa, ya ji tarin da ya kama shi. Ya ce zai tafi da shi Kano, kusa da asibiti, kafin a gyara gidan. Na shirya jin Baba ya ƙi, domin sau uku a baya ana wannan maganar yana cewa ba inda za shi. Wannan karon ya ce to. Ya ce a sa masa rediyonsa da carbinsa da kwalaben magani. Da za su fita bai zagaya bayan ɗakin ba. A ƙofar gida ya ce in kula da Goggo, ƙafarta na ciwo ba ta faɗa.

Gidan Yaya siminti ne tun daga ƙofa har bayan gida, ko ciyawa ba ta fitowa. Matarsa ta kula da Baba sosai, ba ni da abin faɗa a kanta. Ina zuwa duk ƙarshen wata. Nakan tarar da shi a kan kujera a baranda, rediyo a cinya, ya yi ƙiba kaɗan, ya yi haske. Kafin shekara ta zagayo ɗan abin da ya rage a idon dama ya tafi. Yana tambayata makaranta, da Goggo, da maƙwabcinmu direba, da farashin kifi. Bai taɓa tambayata ko na shuka irin ba. Ni ma ban ɗauko maganar ba, domin ban shuka ba. Da farko na ce sai an gyara kicin, daga baya na ce sai sanyi ya wuce, sannan na ce sai ya dawo mu yi tare, alhali na san ba dawowa zai yi ba. In na zagaya bayan ɗakin na ga busasshen yaɗon a kan waya sai in juyo. Goggo ce ta gaji ta yaye shi ta hura wuta da shi.

Ya rasu a Kano shekara ɗaya da rabi bayan tafiyarsa, da hantsi, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ina aji aka kira ni. Kafin in isa an kai shi.

Bayan sadakar arba'in na ɗauko ambulan ɗin. Na cika ledoji ashirin da ƙasa da taki kamar yadda na ga yana yi, na shuka ƙwayoyin a ciki, na jera su a inuwar lemun tsami, ina ba su ruwa safe da yamma. Na jira mako uku, na jira shida. Ciyawa ta fito a wasu, sai wani ɗan tumatir da ya biyo takin. Na tona guda biyu na ga ƙwayoyin sun ruɓe a ciki. Maƙwabcinmu ya ce in ina so zai sake nemo mini a hanyar Jos, na yi masa godiya na ce ya bari tukuna. Bai sake tambaya ba.

Da aka zo gyaran gidan, Yaya ya ce ɗakina ya tsufa, gara a yi mini sabo na bulo, kuma babu fili sai na bayan ɗakin Baba. Ya tambaye ni ko ina da ja. Na ce a yi. Magina suka sare lemun tsamin da zogalen, suka cire azarar rumfar suka yi majingina da ita. Da suka haƙa tushe, tun a gwiwa ruwa ya tare su, sai da aka zuba yashi mota biyu kafin su ɗora bulo. A ɗakin nake kwana yanzu, Goggo na ɗakin da ke kallonsa, ƙafarta ba ta barinta zuwa ko'ina. Duk damina bangon yakan jiƙe daga ƙasa, fentin ya kumbura ya zuba, in rani ya yi in sa a sake shafawa.